Laba Ɗaya da Rabi

Likitan dabbobi ya maƙala hoton a jikin allo mai haske, ya ɗora bakin biro a tsakanin wasu ƙasusuwa biyu da suka kusa haɗewa.

"Nan ce ƙofar," in ji shi. "Kin ga faɗinta? Babban yatsana da ƙyar zai shiga, balle kan kwikwiyo."

Verna Lindquist ba ta kalli hoton ba. Idonta na kan Tilly, 'yar karyarta, wadda ke tsaye bisa teburin gwaji tana makyarkyata kamar yadda irinsu suka saba. Laba uku da rabi ce nauyinta, kuma ta ci gasa a jihohi huɗu.

"Ai akwai tiyata, Dokta."

"Akwai. Na yi wa wasu sun tashi. Na yi wa wasu kuma, ke kin san sauran, tun da uwar wannan a kan teburin nan ta tafi. Ba zan hana ki ba, Verna, karyarki ce. Amma da tawa ce, ba za ta ga namiji ba."

Verna ta naɗe Tilly a cikin mayafin ulu ta fita.

Ƙa'idar ƙungiyar masu kiwon Ciwawa, irin waɗannan ƙananan karnuka, a rubuce take: kare ko karya, in ya wuce laba shida, alƙalin gasa zai sa a kawo sikeli a gaban jama'a, a ɗora shi, a sallame shi daga fili. Iyakar abin da ƙa'idar ta ce ke nan. Ba ta ce a yi ta ƙanƙanta su har mace ta kasa haihuwa ba. Mutane ne suka ƙara wannan da kansu, domin ƙarami ya fi jan ido, kuma masu tafi sun fi yi masa tafi.

Hulda, mahaifiyar Verna, shekara arba'in ta yi tana kiwon karnukan nan, zuriyar da ta raɗa wa suna Tamarack. Ita tana da nata tsarin. A ɗakin baya, kusa da murhu, takan ajiye manyan mata masu laba bakwai ko takwas, masu faɗin ƙugu, waɗanda ba su taɓa taka filin gasa ba. Su ne ke haihuwa, huɗu ko biyar a ciki ɗaya, ba likita ba wuƙa. A cikin 'ya'yan sai ta zaɓi ƙananan ta kai gasa. Duk wanda ya san karnuka yakan gane ɗan Tamarack daga nesa: farin zane tsakanin idanu, da ɗaga ƙafar gaba ta hagu idan yana sauraro.

Wata rana a wurin gasa a birnin Des Moines, Verna tana budurwa, ta ji mata biyu a bayan labule suna dariya. Ɗaya ta ce, "Hulda? Ai shanu take kiwo a bayan gida." Maganar nan ta zauna a cikinta fiye da shekara ashirin. Da Hulda ta rasu, gida da karnuka suka dawo hannunta, sai ta kafa doka: duk 'yar kwikwiyon da ta nuna alamar girma, a wata takwas za a ba da ita ga mai son karen gida, tare da takarda mai sa hannu cewa cikin wata shida za a cire mata mahaifa, don kada wata ƙatuwa ta haihu a wani wuri da sunan Tamarack. Ta kira wannan doka tsare mutuncin iri. Girman kai ne, kuma ba shi da wani suna.

Ciki ya fara raguwa. Daga biyar ya koma uku, daga uku ya koma ɗaya ko biyu, haihuwar ma sai da wuƙa. Cikin ƙarshe na karyarta Opal ne, mata biyu aka ciro, uwar kuwa ba ta farfaɗo ba. Verna ta shayar da su da kwalba da hannunta, duk bayan awa biyu. Ɗaya ta zama Tilly. Ɗayar, Bertha, ta yi ta ci tana girma har sikelin kicin ya nuna laba bakwai da rabi. Verna ta yi kuka ranar da ta ba da ita, amma ta ba da ita, takardar ma ba ta manta ba.

Yanzu Tilly kaɗai ta rage a gidan. Akwatin haihuwa na katako, wanda mahaifin Verna ya ƙera, yana nan a ɗakin baya, ta cika shi da tsofaffin jaridu. Wani lokaci tana wanke kwano sai ta ji kamar kukan 'yan jarirai daga can, siririn kukan nan mai kama da ƙarar ƙofa. Ta san ba komai, amma sai ta rufe famfo ta saurara. Abin da take so bai fi wannan ba: ta sake ɗaga ɗan kwikwiyo mai ɗumi a tafin hannu, ta juya shi wajen haske, ta ga farin zanen, ta ce a ranta, Mama, ga shi nan, bai yanke ba.

Tana isa gida waya ta yi ƙara. Roz Petrakis ce, sakatariyar ƙungiya, ƙawarta ta shekara talatin kuma abokiyar hamayyarta, mai Baron, namijin da ya fi kowanne suna a yankin.

"To, tsohuwa, me bokan naki ya ce?"

"Ya ce ƙofa ta yi kaɗan."

"Kullum ƙofa ta yi masa kaɗan. Wannan da shi aka bai wa duniya ya tsara, da kowa giwa ne. Wa yake jiran karya ta haihu da kanta a zamanin nan? A sa rana, a yanka, a ɗinke, kafin yamma tana shan romo."

"Opal ba ta sha ba."

"Opal tsautsayi ne. Saurara, yau kwananta nawa da fara jini?"

"Takwas."

"To Asabar ce ranarta. In ta wuce sai bayan wata shida ko takwas, kuma ke kin san ba ƙuruciya take ƙarawa ba. Ke ma haka. Ki kawo ta da safe, zan yi wa ango wanka."

Verna ta ce to. Ta ajiye waya ta zauna. A nan ne Bertha ta faɗo mata a rai, ta faɗo da ƙarfi har sai da ta miƙe tsaye. Bertha jinin Tamarack ce kamar Tilly, ciki ɗaya, kuma tana da ƙugun da zai fito da biyar ba wahala. Manomi aka bai wa, wani dattijo Elwood Dreesen, can arewa. Manoma kuwa, wa ya san su da bin takarda? Mutumin da ke da shanu ɗari da gonar masara, ina ya ga lokacin kai 'yar karya asibiti?

Tana da lambarsa, amma ba ta kira ba. Tsoro take ji kada a ba ta amsa a kunne cikin daƙiƙa biyu. Ranar Alhamis da sassafe ta sa Tilly a kejin tafiya, ta kama hanya.

Awa uku ta yi tana tuƙi a tsakanin gonakin masara, kaka ta yi, injinan girbi suna ta cin layi suna tofar da kara. Duk tsawon hanyar addu'a ɗaya take yi: Allah ya sa mutumin nan ya karya alkawari. Mace ce mai zuwa coci kowace Lahadi, kuma ta san irin addu'ar da take yi, amma ba ta daina ba.

Ta samu Elwood a gindin rumbun ƙarfe, dogo, ranƙwafaffe, hularsa ta ci maiƙo. Ya ɗan jima yana kallonta kafin ya gane ta.

"Misis Lindquist! Mai 'yan ɓeraye! Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Mista Dreesen. Hanya ce ta biyo da ni."

"Hanya? Baiwar Allah, hanyar nan ba ta zuwa ko'ina, a ƙofata ta mutu. Ce min Elwood kawai. Bertha! Fito ki ga uwar ɗakinki."

Daga tagar a-kori-kura wani abu ja ya diro ƙasa, ya zo da gudu yana tayar da ɓuntun masara. Bertha ta tsaya taku uku daga Verna. Ƙirjinta ya buɗe, ƙafafunta sun yi ƙwari, gashinta na sheƙi. Ta karkata kai, farin zanen ya fito sarai tsakanin idanunta, sannan ta ɗaga ƙafar hagu.

Verna ta zuba mata ido. Wannan ba karyar da ta ba da ba ce kawai. Irin matan ɗakin baya ne sak, waɗanda ta tashi tana taka wutsiyarsu tana yarinya, waɗanda ta ji kunyarsu. Shekara goma sha ɗaya ba ta ga irinsu ba. Ta durƙusa a cikin ƙura, Bertha ta shinshina hannunta, ta lashe shi sau ɗaya don ladabi, ta koma ta zauna a kan takalmin Elwood.

"Kada ki ji haushi, haka take wa kowa," in ji shi. "Fasto ma sau ɗaya take lasarsa. Mu shiga, akwai kofi."

A kicin ya zuba mata kofi baƙi, ya yanko kek ɗin tuffa da wata maƙwabciya ta kawo. Verna ta fito da Tilly daga keji ta ɗora a cinya. Elwood ya sa tabarau ya leƙa.

"Wannan ita ce 'yar'uwar? Kai! Ana ba ta abinci kuwa?"

"Ta ci gasa a jihohi huɗu."

"Ah, to, madalla. Bertha dai ɓera goma sha ɗaya ta kashe a watan jiya. Ba a ba ta lambar yabo ba, amma na ba ta tsiran alade."

Verna ta yi murmushin dole. Ta juya kofin a hannunta sau biyu, ta rasa ta inda za ta fara. Shi ya riga ta.

"Na san abin da ya kawo ki," ya ce, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. "Takardar nan ce. Kuma kina da gaskiya, na saɓa."

Verna ta ajiye kofin ta matso.

"Wata shida kika ce, mu kuwa muka yi shekara biyu ba mu kai ta ba. Laifin matata Maxine ne, Allah ya ji ƙanta, amma ni ma na biye mata. Kullum na ce a kai ta, sai ta ce, 'Elwood, dubi ƙugun nan, wannan uwa ce, asara ne a yanka ta.' Tana so ta kira ki ta roƙi ciki ɗaya kawai, sai ta ce tana jin nauyinki, wai ke babba ce a harkar. To a watan Fabrairu ta tafi. A Afrilu ina gyara akwatin da take ajiye takardun girki, sai ga takardarki. Na ga sa hannuna a ƙasa. Misis Lindquist, shekarata saba'in da shida, ban taɓa sa hannu a abu na ƙi cikawa ba. A watan Mayu na kai ta. Na yi latti, ki yafe min."

Ya sunkuya ya ɗauki Bertha, ya juya ta a hankali don Verna ta gani da idonta. A fatar cikin akwai siririn tabo, ya warke tsaf.

"Likitar ta ce ba ta taɓa ganin lafiyayyar Ciwawa irinta ba," ya ƙara, don ya faranta mata.

Verna ta kalli tabon. Wata biyar. Da ta tuna da Bertha a farkon shekara, da Maxine ta daure ta kira, da mutumin nan ya kasance maƙaryaci ko malalaci kamar yadda ta yi ta roƙo a hanya. Babu wanda za ta kama da laifi a ɗakin. Rubutun na'urarta ne, kalmominta ne, ita ta ja layi a ƙarƙashin "wata shida".

"Ka kyauta, Elwood," ta ce. "Abin da na ce ka yi ke nan."

Ya dube ta da kyau, ya ga hawayen da take riƙewa, ya rasa gane kansu. Ya tura mata farantin kek.

"In ba za ki ji haushi ba, akwai tambayar da Maxine ta mutu da ita. Me 'yar nan ta yi kika ba da ita? Mun duba, mun duba, ba mu ga aibu ba."

"Ta wuce nauyi."

"Da nawa?"

"Laba ɗaya da rabi."

Elwood ya jira ya ji sauran. Da ya ga babu saura, sai ya ce, "Nauyin burodi guda ke nan." Ba da gatse ya faɗa ba, lissafi kawai ya yi. Ya shafa kan Bertha. "Mu a shanu, saniyar da ba ta haihuwa da kanta ita muke fitarwa. Ashe ku mai haihuwar kuke fitarwa. Kowa da sana'arsa."

Ya raka ta har mota. Bertha ta bi su, ta tsaya a bakin hanya da ƙafa ɗaya a sama, Verna na kallonta a madubi har kwana ta ɓoye ta.

Juma'a ta wuni tana gaya wa kanta cewa yanzu ba ta da zaɓi. In Tamarack zai rayu, ta cikin Tilly zai bi. Likita ya ce wasu suna tashi. Wata shida nan gaba Tilly ta ƙara tsufa, haɗarin ya ƙaru. Ta kwashe jaridun daga akwatin haihuwa, ta wanke shi da ruwan zafi, ta shanya a rana. Mai son zuciya ba ya rasa hujja.

Asabar da safe ta isa gidan Roz. An shimfiɗa tawul a kan teburin wanki, an rufe ƙofar, Baron na zagaye a ƙasa yana ƙamshin sabulu. Roz, gajeriya mai jan gashin rini, ta tafa hannu.

"Ga amarya! Kawo ta nan. Ke ki riƙe gaba, ni in kula da ango, kin san shi da zumuɗi. Me ya sami fuskarki, kamar an aiko ki jana'iza?"

Verna ta ɗora Tilly a kan tawul. Ta sa hannun hagu a ƙirjinta, ta sa na dama a ƙugunta don ta tsayar da ita, kamar yadda ta yi wa wasu sau da yawa. Babban yatsanta da na tsakiya suka zagaye ƙugun, suka haɗu a ƙasa, har da saura. Ta ji ƙasusuwan biyu a ƙarƙashin fata kamar tsinken ashana. Tilly ba ta yi gardama ba. An koya mata tsayuwa a tebur tun tana 'yar wata uku, duk inda hannun Verna ya ajiye ta nan take tsayawa. Ta waiwayo kawai ta kalle ta, tana jiran a ce ta yi daidai.

Roz ta ɗago Baron.

"Ajiye shi," in ji Verna.

"Me?"

"Ajiye shi, Roz. Ba za a yi ba."

"Ke, kin sha wani abu ne? Na hana mutum biyu ranar nan saboda ke!"

"Ki kira su."

Verna ta ɗauke Tilly ta rungume. Roz ta saki Baron, ta riƙe ƙugu.

"Kin san abin da kike yi kuwa? Ita kaɗai ta rage. Shekara hamsin na aikin uwarki da naki. In kika fita da ita daga ɗakin nan, Tamarack ya mutu a hannunki."

"Ya riga ya mutu a hannuna. Ba sai na haɗa da ita ba."

"To nemo 'yar'uwarta mana, ƙatuwar nan. Ba zan gaya wa kowa ba, Baron ba ya duba sikeli."

"Na je shekaranjiya. An cire mata a watan Mayu. Takardata ya bi."

Roz ta ja kujera ta zauna, ta daɗe tana kallon tawul ɗin.

"Biyu na rasa a tiyata," ta ce a hankali. "Na ce wa mutane ciwon zuciya ne." Ta share hanci da bayan hannu, ta miƙe. "Zauna ki sha kofi, tsohuwar banza. Ba don bango na dafa ba."

Suka sha, suka yi zancen wata alƙaliyar gasa da dukansu ba sa so. Ba wanda ya sake ambatar Tamarack.

Ranar Litinin Verna ta kira asibiti ta sa wa Tilly ranar cire mahaifa, bayan jinin ya ɗauke, don kada wata shida ta zo ta same ta da sabuwar hujja. Ta san halinta.

Daga nan ta ɗauko jakar takardu daga saman kabad. Mata tara ta ba da a cikin shekara goma sha ɗaya, ban da Bertha. Kowace da takardarta, da sunan wanda ya karɓa, da lambar waya. Ta zauna a teburin kicin ta fara kira ɗaya bayan ɗaya, tana gabatar da kanta, tana tambayar lafiyar karya, tana kewaye-kewaye kafin ta iso ga tambayar. Mutanen kirki ne dukansu. Wani malamin makaranta ya ce tun satin farko ya kai tasa. Wata mata ta ce tana da shaidar likita in ana so ta aiko. Biyu daga cikin karnukan sun mutu da tsufa, ba su bar baya ba. Takwas ta kira, takwas suka tabbatar mata, da alfahari, cewa sun yi yadda ta ce.

Ta tara wata mata ce da ta koma jihar Montana shekara shida da suka wuce, da 'yar karya mai laba takwas. Lambar tana shiga, tana ta ƙara, ba mai ɗauka. Verna ta rubuta wasiƙa zuwa tsohon adireshin, ba ta dawo ba, amsa ma ba ta zo ba. Kowace Lahadi in ta dawo daga coci, kafin ta cire takalmi, takan zauna da Tilly a cinya ta buga lambar, ta bar ta ta yi ta ƙara har layin ya yanke da kansa.